Yaro Mai Tafiya a Kan Yatsu

Da rarrafe yaro kan tashi, in ji Bahaushe, kuma ya ba kowane mataki na tashin nan suna: zama, jan ciki, rarrafe, tsayuwa, tatata, sannan tafiya. A ƙauyukan yammacin Kano, irin su Dugabau ta ƙaramar hukumar Kabo, gida duka ne yake koya wa yaro tafiya. Yayyensa su riƙe masa hannuwa suna ja da baya, kaka ta miƙo masa ɗan ƙuli-ƙuli daga nesa, wani lokaci a sa kafinta ya haɗa masa keken katako mai ƙafa uku ya riƙa turawa a tsakar gida. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka gudanar a ƙasashe biyar har da Gana, ya nuna cewa yara masu lafiya kan fara tafiya da kansu tsakanin wata 8 da wata 18. Tazarar tana da faɗi, don haka uwar da ɗanta ya cika shekara bai taka ba, ba ta da dalilin hana idonta barci.

Abin da ya fi jinkiri ɗaure wa iyaye kai shi ne yaron da ya tashi yana tafiya a ɗage, dunduniyarsa ba ta taɓa ƙasa, kamar mai sanɗa. A watannin farko wannan ba baƙon abu ba ne. Sabon mai tafiya yakan ware ƙafafu, ya ɗaga hannuwa, ya dire tafin ƙafa gaba ɗaya ko ya taka da yatsu. Fara dira dunduniya kafin yatsu, irin tafiyar manya, ba ta zaunawa sosai sai wajen shekara biyu. Wasu yaran kuma sukan ci gaba da ɗagen ba tare da wata cuta ba, sabo ne kurum, har ma akan same shi a dangi. A ƙasar Suwidin, likitoci biyu, Engström da Tedroff, sun duba yara 1,436 masu shekara biyar da rabi, suka wallafa sakamakon a 2012. Kimanin biyar cikin ɗari sun taɓa yin irin wannan tafiya, fiye da rabinsu kuwa sun daina da kansu kafin lokacin binciken. Da aka bi sawunsu har shekara 10, kusan takwas cikin goma sun bari.

To amma a ƙasar Kano ba a kallon ƙafar yaro da sanyin zuciya irin na mutanen Suwidin. Duk wanda ya yi wayo kafin 2003 ya san abin da shan inna ya yi wa garuruwa, ya kuma san imanin da ya ba cutar sunanta, wato cewa iska ce, Inna, take shanye ƙafar. A shekarar ne gwamnatin jihar ta dakatar da riga-kafin cutar saboda zargin da aka yi wa maganin, ba a koma ba sai watan Yuli na 2004, kuma yaran da suka kamu a tsakanin nan yau magidanta ne. An ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya a jihar Borno cikin 2016, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020. Duk da haka ana ci gaba da ɗiga wa yara magani, domin akwai wani nau'in da yake ɓulla inda riga-kafi ya yi ƙaranci. Tsohuwar da ta ga jikanta yana ɗage ta ambaci Inna, tsoronta yana da tushe, ko da kuwa ba ta gano ciwon daidai ba.

Haka ta faru a wani gida a Dugabau. Yaron ɗan fari ne, ya haura shekara biyu da rabi, kullum a kan yatsu yake, gwiwoyinsa suna gogar juna, ba ya taku goma bai faɗi ba. Uwar ta daɗe da lura, amma kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki. Ba ta ko kama sunansa, balle ta tsaya gaban surukai ta ce ƙafarsa tana damunta. Kakar ta yi turare, ta shafa man shanu, ta kai shi wurin maɗori ya murza. Ƙanwar uban ce, wadda take koyar da ajin share fage a makarantar firamare, ta zaunar da yaron a tabarma ta gwada lanƙwasa tafin ƙafarsa zuwa sama, ta ji ya ƙi kamar busasshen reshe.

"Iya, wannan ba shan inna ba ne," in ji ta. "Ƙafar shan inna saki take yi ta rame. Tasa kuwa sanƙarewa ta yi, kuma duka biyun. Ki tuna, ba shi ne ya yi shawara kafin suna ba?"

Tsohuwar ta yi shiru, can ta ce, "Shi ne. Idonsa har ya yi kamar rawaya. Muka ba shi jiƙo, muka shanya shi a hantsi."

Tambayar malamar ta faɗa kan gaɓa. Shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka ba, haihuwar bakwaini, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna iya raunata sashen ƙwaƙwalwar da yake sarrafa motsi. Raunin ba ya ƙaruwa, amma naman sharaɓa yakan zauna a ɗaure, ya janye jijiyar agara, dunduniya ta ɗage. Ƙashi yana tsawo, jijiyar ba ta binsa, don haka kowace shekara aka bari, gyaran sai ya ƙara wuya. Wani likitan Ingila, William Little, wanda shi kansa ya tashi da naƙasar ƙafa, shi ne ya bayyana wannan lalura a wajajen 1860. Daga Babban Asibitin Gwarzo aka tura su Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa tun 1959. Aka sa wa yaron filasta ana sauyawa, aka koya wa uwar yadda za ta riƙa miƙar da jijiyar safe da yamma, daga baya aka yi masa takalmin roba mai riƙe idon sawu. Buhun masara biyu suka tafi a kuɗin mota da magani, abin da ba ƙarami ba ne ga manomi. Yaron bai zama ɗan tsere ba, amma da ƙafarsa yake zuwa makaranta.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, saboda haka malamin da ya fito daga kwalejin ilimi zai iya samun kansa gaban 'yan shekara uku zuwa biyar. Ba likita ba ne, bai kuma kamata ya laƙaba wa ɗan wani sunan cuta ba. Amma yana ganin yara talatin ko hamsin suna gudu tare, abin da uwa mai ɗa ɗaya ba ta da shi. Ya fara da abu mai sauƙi: ya duba dunduniya, domin ƙaya, faso ko zafin rairayi a watan Afrilu sun isa su sa kowa ɗage. In babu, ya ce yaron ya tsaya sosai, ya yi tafiya a kan dugadugai, ya tsuguna. Mai sabo yakan yi duka, dunduniya a ƙasa, ya manta ya koma ɗagensa. Wanda jijiyarsa ta gajarce, tsugunon ma a kan yatsu zai yi shi.

Ɗage a ƙafa ɗaya kawai abin a kai asibiti ne; yana iya zama ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta, ko allurar da aka soka a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba ta taɓa babbar jijiya. Haka nan yaro namiji da ya fara tafiya lafiya, daga baya ya koma ɗage, sharaɓarsa ta yi kauri, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyi, domin akwai ciwon raunin tsoka na gado mai fara nuna kansa haka. Yaron da ɗagensa ya haɗu da rashin magana da ƙin haɗa ido shi ma yana buƙatar a duba shi. Duka da tsawa ba sa sauke dunduniya, kuma malamin da ya bari 'yan aji suka sa wa yaro suna Mai-sanɗa, sunan zai daɗe bayan an cire filasta. Sannan ya san wanda zai tunkara da maganar: in ɗan fari ne, kaka ko gwaggo ta fi uwa sakin baki, uban kuwa shi ne zai fitar da kuɗin mota zuwa Gwarzo.