Tabilet ɗin da munka ara

Ran rabon asusu na bana, sakatariyarmu ta kawo shawara: mu fidda jika 35 cikin riba mu sai tabilet, irin mai arha ɗin nan da ake saidawa a babbar kasuwar Maradi. Dalilinta kuwa, mu bakwai cikin ƙungiya muna zuwa Maradi duk Litinin da Juma'a da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, biyar daga ciki sun yi ajin yaƙi da jahilci, kuma karatun yana zubewa don ba mu taɓa shi. A gida ina lokaci? Sai dai cikin mota.

Ma'ajiya ta ce a'a. Jika 35 bashin mace guda ne na wata ukku, buhun gyaɗa da kuɗin niƙa. Gaskiya ta faɗi. Sai munka ari ta ɗan wata ƴar ƙungiya, wata guda, mu gani da idonmu.

Cikin mota dai abin bai yi ba. Hanyarmu jar ƙasa ce kafin a hau kwalta, harufa na tsalle, kai na juyawa kafin a gama shafi. Rana in ta faɗo ta taga, fuskarki kawai kike gani cikin gilashin. Ki ƙara haske, batir ya zube kafin azahar, ga dala ashirin na caji. Ga jarka a ƙafa, ga goyo, ga maƙwabciya ta danne miki hannu.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne tasha. Ashe zaman da muke yi muna jiran mota ta cika ya fi tafiyar kanta tsawo, wata rana awa biyu ƙarƙashin rumfa. A nan tabilet ta yi rana. Yaron ya zuba muna Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da ɗan littafin lissafin riba, kuma da zarar sun shiga ba su ƙara cin mega. Sai mu kewaye ta, guda na karantawa da ƙarfi, saura na gyara mata in ta yi tuntuɓe. Har kamasho ya fara matsowa.

Hajiya shugaba, wadda ta aje littafi shekara huɗu don ƙananan harufa sun fi ƙarfin idonta, ta ware yatsu biyu bisa gilashin, rubutu ya yi manya. Ta karanta layi shidda ita kaɗai. Ta ɗago ta ce, "Ke ɗiyata, ashe ban manta ba." Ko da yake littafin da anka ɗauka hoto sai an riƙa jan shafi dama da hagu, abin da gajiya.

Mun maida ta ga mai ita da ƙura cikin ramin caji da ɗan tsagu a kusurwa, munka biya jika biyu na gyara. Ma'ajiya ta rubuta wannan ma.

Ranar taro anka ɗaga hannu: 16 na so, 9 ba su so. Za a saya, amma bayan kaka, daga kuɗin tara ba daga jari ba. Za ta kwana cikin akwatin asusu, don mun ga yadda yara ke rububinta saboda fim. Wadda za ta riƙe ta ranar kasuwa, wannan har yau ba mu daidaita ba.