Wata Tara a Bisa Ruwa

Kafin a saka wa jiragen katako inji, babu attajiri ko sarki a gaɓar Tekun Indiya da ya isa ya yanka wa jirgi ranar tashi. Iska ce mai wannan iko. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana kaɗawa daga arewa maso gabas, tana tura jirage daga ƙasashen Larabawa da Indiya zuwa Afirka ta Gabas, ita ce Sawahilawa ke kira kaskazi. Da Afrilu ta kama sai ta juya, ta riƙa tasowa daga kudu maso yamma, sunanta kusi, ta mai da kowa gida. Wanda ya yi nawa har kusi ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, to teku ta rufe, sai ya nemi inda zai ɗaure jirginsa ya jira. A kan wannan kai-komo aka gina wata irin rayuwa da ta haura shekara dubu, rayuwar mutanen da jirgi ne ɗakin kwanansu da madafarsu, shi ne kuma masallacinsu da kasuwarsu.

Jiragen iri-iri ne. Akwai bum na mutanen Kuwait mai tsini gaba da baya, akwai bagala da ganja masu faffaɗan baya da aka ƙawata da sassaƙa, akwai sambuk da zaruk na Yaman da Bahar Maliya, ƙanana masu zafin gudu, ga kuma jahazi da mashua na Sawahilawa. Abin da ya haɗa su shi ne makeken ƙyallen kama iska mai kusan kusurwa uku, wanda ake ɗaurewa a jikin wata doguwar sanda da kan kai tsawon jirgin kansa, a ɗaga ta bisa ginshiƙi. Da yake ƙasar Larabawa ba ta da daji, daga gaɓar Malabar ta Indiya ake kawo katakon tik, kafintoci kuma da ido da gizago suke aiki, babu zane a takarda. A can da ko ƙusa ba a bugawa, huda allunan ake yi a ɗinke su da igiyar ɓawon kwakwa. Mtepe na yankin Lamu, wanda tabarma ce ke kama masa iska, da ɗinki ake haɗa shi har farkon ƙarni na 20. Ƙasan jirgi ana shafe shi da haɗin farar ƙasa da kitse saboda tsutsar ruwa mai cin katako, sama kuma a shafa man kifi, shi ya sa warin jirgi kan riga shi isowa.

Mu ɗauki jirgin Kuwait na shekarun 1930, tunda labarinsa ya zo mana dalla-dalla. A ƙarshen 1938 wani matuƙi ɗan Ostareliya mai suna Alan Villiers ya shiga wani bum a Aden, ƙarƙashin nahuda, wato shugaban jirgi, Ali bin Nasr al-Najdi, ya bi su har suka koma Kuwait a tsakiyar 1939, sannan ya rubuta abin da ya gani a littafinsa Sons of Sinbad da ya fito a 1940. Shekarar irin wannan jirgi da kakar dabino take farawa. Wajen Satumba ake lodi a kogin Shaɗɗul Arab kusa da Basra, kuma dabino ya kama sana'ar har ta kai da yawan kwandunansa ake faɗin girman jirgi. Daga nan a gangara Tekun Fasha, a zaga ta Oman, a bi gaɓar Hadramaut ana sayarwa har Aden. Sai a yi lodin gishiri da busasshen kifi, a kwashi fasinjoji a Mukalla da Shihr, a tsallaka gaɓar Somaliya, a biya Mogadishu da Lamu da Mombasa, a sauka Zanzibar. Babu gaggawa a tafiyar. Inda kasuwa ta yi daɗi a yi makonni, inda ta ƙi a ɗaga anka a yi gaba.

Mutum wajen talatin ne ke aikin jirgi irin wannan, kuma in ban da nahuda da ke da ɗan dandamali a baya kusa da sitiyari, babu mai gado. Ma'aikaci duk inda dare ya same shi nan zai miƙe, bisa kaya ko bisa naɗin igiya, ya lulluɓa da zanensa, raɓa ta sauka a kansa. Murhu akwati ne da aka cika da yashi, a nan kuku yake dafa wa kowa. Da safe gurasa da shayi mai sukari, da rana shinkafa da kifi, in an yi sa'a ƙugiya ta kamo ɗanye, in ba haka ba busasshe, sai dabino da gahawa. Ruwan sha yana cikin tankunan katako, ana cika su a duk rijiyar da aka samu a gaɓa, kome ɗanɗanonta, kuma ba a taɓa shi don wanka. Wanka da alwala da ruwan teku ake yi, a zura guga a jawo. Ban-ɗaki kuwa wani ɗan akwati ne mai rami da aka rataye a wajen jirgi ta baya, mai shiga yana lilo bisa igiyar ruwa. In an ƙara fasinjoji fiye da ɗari a kan wannan, da tabarmi da tukwane da yara, to wurin sa ƙafa ma sai an nema. Mata kuwa a wani ɗakin da ke ƙarƙashin bayan jirgi ake tsare su, cikin zafi da duhu, har a kai inda za su sauka.

Aikin na ƙarfi ne zalla. Sandar da ke riƙe da ƙyalle tana da nauyin gaske, kuma da hannu ake ɗaga ta, kowa ya kama igiya. Idan za a sauya wa jirgi fuska, dole a zagayo da sandar da ƙyallen gaba ɗaya ta ɗaya gefen ginshiƙi, in aka yi kuskure iska ta fizge, ana iya rasa rai. Ƙyallen ba ya naɗuwa a rage shi, saboda haka in hadari ya taso sai a sauke babba a ɗaura ƙarami. Tsakanin wannan da wancan ana kwalfe ruwan da ke tsatsowa, ana ɗinkin ƙyalle, ana tufkar igiya. Kafinta ma ba ya zama: a jirgin da Villiers ya bi, wani ƙaramin jirgi aka riƙa sassaƙawa a tsakiyar babban don a sayar a hanya. Duk wannan da waƙa ake yi. Manyan jirage suna ɗaukar mawaƙi na musamman, nahham, yana ba da waƙa ma'aikata suna amsawa da gurnani da tafi da buga ƙafa, kuma jirgi ba ya shiga tasha shiru, sai da ganguna. Salla biyar kuma ba ta wuce su.

Nahuda a jirginsa kamar madugu yake a ayari. Shi ya san hanya, shi ke raba gardama, shi ke fama da 'yan kwastan, shi ke ciniki da dillalai, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Yakan fara hawa jirgi tun yana yaro a gaban ubansa, har ya haddace kowane dutse da kowane lungu na gaɓa, ya san launin ruwa inda yake da zurfi da inda murjani ke ɓoye. Magabata sun fi haka ma. Ahmad ibn Majid, mutumin Julfar, ya rubuta Kitabul Fawa'id a wajen 1490, inda ya tattara ilimin taurari da iskoki da mashigai. Suna da wani ɗan allo mai igiya da ƙulle-ƙulle, kamal, da suke auna tsayin tauraron arewa daga bakin ruwa da ma'aunin yatsa, su gane inda suke. Zuwa shekarun 1930 yawancin nahudodi sun fi son bin gaɓa, ƙasa tana gefensu suna ganinta, suna zura igiya mai darma don jin zurfi.

Mafi wuyar zango shi ne bakin kogin Rufiji, kudu da Zanzibar. Can ake shiga don sandunan rufi da ake sarowa daga itatuwan da ke tsirowa cikin taɓon ruwan gishiri, waɗanda ake kira boriti, ana ƙirga su ashirin-ashirin. Makonni ake yi cikin laka da ruwan sama da sauro, zazzaɓi yana kayar da mutane ɗaya bayan ɗaya. Amma ba makawa, domin garuruwan Tekun Fasha da waɗannan sanduna suke rufin ɗaki, har ma tsawonsu ne ke yanke faɗin ɗakunan tsofaffin gidajen Kuwait, shi ya sa suke dogaye marasa faɗi.

To bayan wata tara na wannan wahala, me ma'aikaci yake komawa da shi? Babu albashi. Ana cire kuɗin abinci, mai jirgi ya ɗauki wajen rabi, sauran a kasa: nahuda da manyan ma'aikata kaso fiye da ɗaya, ƙaramin ma'aikaci kaso guda. Sau da yawa abin da ya samu bai kai bashin da ya ci kafin tashi don ya bar wa iyali ba, sai baɗi ya sake bin nahudan nan, ko yana so ko ba ya so. Abin da ke rufa masa asiri shi ne ɗan kayan da ya ƙunsa a akwatinsa, zannuwa ko turare ko taba, yana sayarwa a ɓoye a tashoshi. Wasu ma daga saukowa sai su wuce nutson lu'ulu'u na bazara. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: irin waɗannan jirage ne suka yi ta jigilar bayi daga Afirka ta Gabas zuwa Arabiya, kuma ko da aka rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873, safarar ba ta tsaya nan take ba.

Duk da haka, jiran iska ya haifar da abin da gaggawa ba ta haifarwa. Mutumin da zai yi watanni a gari yana jiran kusi dole ya koyi harshen garin, ya yi abokai, wani ma ya yi aure. Haka Lamu da Mombasa da Kilwa suka bunƙasa, har matafiyi Ibn Battuta ya tarar da biyu daga cikinsu, Mombasa da Kilwa, da masallatai da malamai a 1331. Haka dangantaka ta yi ƙarfi har Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya bar Maskat ya mai da Zanzibar mazauninsa a wajen 1840.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi. Alhazan ƙasa da suka tashi daga ƙasar Hausa suka bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa suna ƙwadago shekara da shekaru, a Sawakin suke cin karo da Bahar Maliya, tsakaninsu da Jidda kimanin kilomita 300. Masu takardu da kuɗi su hau jirgin hayaƙi, marasa hali kuma da yawa sambuk suke bi a ɓoye, a sauke su a wani lungu na gaɓar Hijaz su ƙarasa da ƙafa. Teku ce mai yawan murjani, ƙananan jirage a kusa da gaɓa da rana suke tafiya, dare ya yi su ɗaure. Tun a 1183 matafiyi Ibn Jubair, wanda ya tsallaka tekun daga tashar Aizab a jirgin ɗinki, ya koka da yadda masu jirage ke cusa alhazai fiye da kima. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Tafkin Chadi ba, a irin wannan jirgi ya ba da amanar ransa.

Ƙarshen zamanin bai ɗauki lokaci ba. Lu'ulu'un da Japan ta fara renowa ya karya kasuwar nutso a shekarun 1930. An gano man fetur a Burgan a 1938, Kuwait ta fara fitar da shi a 1946, kuma wanda ya ga albashin wata-wata a kamfani ba ya komawa jan igiya. Siminti da ƙarfe suka maye gurbin boriti, jiragen da suka rage aka saka musu inji, juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya yanke tsohuwar hulɗa da Larabawa, Kenya kuma ta hana fitar da sandunan a 1982. Yau bum yana cikin tambarin ƙasar Kuwait, a Dubai ana tseren jiragen iska don nishaɗi, jahazi da mashua kuma har yanzu suna ɗaukar kaya tsakanin Zanzibar da Pemba da gaɓar Tanzaniya.

Ba wanda zai yi wa ɗansa fatan kwana bisa igiya da bashin da ba ya ƙarewa, kuma waɗanda suka bar jirgi suka kama aikin mai sun san abin da suka guje wa. Asarar da aka yi ita ce ta ilimin da ke kan mutane, wanda yawancinsa ba a rubuta ba. Namu ɓangaren ma haka yake tafiya. Duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, a Kano ne ko Damagaram ko Mai Wurno, da ya tsallaka Bahar Maliya a sambuk ko ya ji labarin daga bakin iyayensa, ya zauna da shi tun yana da rai, ya tambaye shi, ya naɗi muryarsa ya ajiye.