Katin Ƙwallon Maraya



Shekara 19 ke nan ina riƙe da alƙalami a zauren maigidana, ɗaya daga cikin sarakunan Zango a nan Kumasi. Rigimar gado, da ta iyakar gida, da ta aure, da ta bashin goro, babu wadda ban rubuta ba. Ban taɓa zaton za a wayi gari in ajiye alƙalamin in koma kan tabarmar masu ƙara ba, balle a ce a kan ƙwallon ƙafa. Amma haka Allah ya ƙaddara, kuma ni na kai ƙarar da kaina.

Ƙanena ya rasu ya bar yara uku, babbansu namiji yana da shekara 8. Riƙonsu ya dawo wuyana. Na biya kuɗin makaranta, na kai su wurin malam, na ɗinka kayan Salla, ban bari tukunyar mahaifiyarsu ta kwana a kife ba. A tunanina na sauke nauyin maraya ke nan.

Ashe akwai wani mutum da yake renon yaron nan tare da ni, ban lura ba. Mai facin taya ne a bakin titi, yara suna kiransa Koci. Kullum bayan La'asar sai ya rufe rumfarsa ya nufi filin makarantar gwamnati mai jar ƙasa, ya tara yara wajen arba'in. Irin ƙungiyoyin nan ne na ƙananan yara da muke kira kolts. Ba mai biyansa ko kwabo. Daga kuɗin faci yake sayo takalman gwanjo a Kejetiya, ranar Asabar kuma bayan atisayen safe ya saya musu koko da ƙosai.

Na fara gane girman maganarsa a kan sallar Asuba. Yaron da sai na buga ƙofa sau uku kafin ya motsa, kwatsam sai ya koma riga ladan tashi. Da na bincika, sai na ji Koci ne ya kafa doka: duk wanda bai yi Asuba cikin jam'i ba, ƙafarsa ba za ta taɓa ƙwallo a ranar ba. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, amma a ƙarƙashin murnar akwai ɗan kishi. Abin da wa'azina na shekaru ya kasa, usur ɗin mai faci ya yi shi cikin mako guda.

Yaron yana da shekara 14 aka yi wata gasa, wani mutum mai tsaf-tsaf ya gan shi. Wakilin wata makarantar kuɗi ce ta kwana da ke kusa da Ankara, babban birnin ƙasarmu. Bai zo wurina ba, bai je wurin Koci ba. Yaron ya kira gefe, ya ba shi sababbin takalma da wayar hannu. Makonni suna magana ta WhatsApp. Daga nan ya je wurin mahaifiyar, ni ne na ƙarshe da na ji. Tayin kuwa mai daɗi ne: karatu da kwana da abinci kyauta, fili mai ciyawa, sannan hanyar zuwa Amurka.

Uwar ta zo mini da hawayen farin ciki. Ta ce, "Yaya, Allah ya share mana hawaye." Ban ga laifinta ba, domin ba tatsuniya take kafa hujja da ita ba. Kowa a Zango ya san labarin Mohammed Kudus, ɗan Nima, wanda ya fara a ƙungiyar yara ta Strong Tower, ya shiga makarantar ƙwallo ta Right to Dream wadda Tom Vernon ya kafa a 1999, ya tafi Nordsjaelland ta ƙasar Denmak a 2018, ya koma Ajax a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2022 a Katar. Akwai kuma Abu Danladi, haifaffen Takoradi, wanda ta wannan makarantar ya samu shiga sakandaren kuɗi ta Dunn a Kalifoniya, ya wuce jami'ar UCLA, kuma shi aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan gasar Amurka a 2017. Duk gaskiya ne. Gaskiyar ce ma take sa kowane mai jaka ya iya aron sunayensu ya shiga gidan bazawara, ko da makarantarsa ba ta taɓa fitar da kowa ko'ina ba.

Ni ma na karkata. Sai Koci ya ce ba zai saki katin yaron ba. Ga wanda bai sani ba, katin nan shi ne shaidar rajistar ɗan wasa, da hotonsa da shekarunsa da sunan ƙungiyarsa. Idan ba a sake shi ba, yaro ba zai buga wa wata ƙungiya wasan hukuma ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wannan mutum ya tsaya a kan arzikin maraya don kwaɗayi. A daren na rubuta ƙara da hannuna, na sa ta cikin takardun da zan karanta wa Sarki.

Kafin ranar zama, na yi waya da wani abokin ƙuruciyata da ke koyarwa a Amurka, ina neman ya tabbatar mini da batun hanyar nan. Ya yi dariya ya ce rigimar da nake ciki ta fi ni shekaru a can. Ya ce a ƙasarsu kocin sakandare, musamman na ƙwallonsu mai kwalkwali da ake runguma a gudu, yakan fi shugaban makaranta suna a gari. Makarantar gwamnati tana ɗaukar yaran yankinta ne kawai, ta kuɗi kuwa tana iya ɗauko yaro daga ko'ina ta yafe masa kuɗin karatu. Masu horarwa na gwamnati suna kukan cewa su ke shuka, wasu ke girbi. Na makarantun kuɗi suna amsawa cewa iyaye suna da 'yancin zaɓi, kuma ɗan talaka ya samu ilimin da ubansa ba zai iya saya ba.

Ya ba ni misalin jihar Tenesi. A 1997 kocin makarantar Brentwood Academy ya rubuta wa wasu yara 'yan aji takwas wasiƙa yana gayyatarsu atisaye tun kafin su fara karatu a makarantar. Hukumar wasannin sakandare ta jihar ta ce wannan zawarci ne da dokarta ta hana, ta hukunta makarantar. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka har sau biyu, a 2001 da 2007, kuma a karo na biyu kotun ta tabbatar wa hukumar ikonta na hana irin wannan zawarci. A jihar Ilinoi kuma, da yake ana rarraba makarantu rukuni-rukuni bisa yawan ɗalibai, sai aka riƙa ninka adadin na makarantar kuɗi da 1.65, ta yadda mai ɗalibai 1,000 za a lissafa ta kamar mai 1,650, ta kara da manya. Na ajiye waya ina jinjina abin. Shekara goma ana shari'a a kan wasiƙa ɗaya, don ana ganin yaro ɗan shekara 13 ko 14 ba zai iya ce wa babban koci a'a ba. Namu kuwa an ba shi waya da takalma a bayan idona, ni kuma ina godiya. Duk da haka ban janye ƙarar ba. Girman kai ya hana.

Ranar zama, bayan sallar Juma'a, zaure ya cika. Sarki ya sa wani ɗalibina ya riƙe alƙalami. Na faɗi ƙarata, wakilin makarantar ya baje hotuna masu kyau. Sannan aka ba Koci dama. Ya durƙusa, hannuwansa da sauran baƙin taya, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Tambaya uku nake da ita, in an amsa, ga katin a aljihuna. Idan yaron nan ya karye a wata na uku, zai ci gaba da zama a aji har ya gama, ko za a ɗaure masa kayansa? Katin nan, da sunan makarantar za a yi masa rajista ko da sunan wani mutum? Abin da aka faɗa da baki, yana ina a rubuce?"

Wakilin ya yi ta zagaye-zagaye. Ya ce ai su iyaye ne ga kowane yaro, ya ce ba a fara tafiya da fatan karaya.

Sarki ya juya ga Koci ya ce, "Kai kuma fa? Ba ka da wani buri a cikin katin nan?"

Koci ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi wa Sarki ƙarya ba, ina da shi. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Idan aka goge sunanmu daga tarihinsa, shekarun da na yi sun bi ruwa, yara arba'in ɗin can ma sun rasa. Kuma dokar ta hana a kai yaro wata ƙungiya a ƙetare kafin ya cika 18, sai da wasu dalilai ƙalilan. Shi ya sa nake son a faɗa mana wace hanya ce wannan ta Amurka, ta karatu ce ko ta ciniki."

Wannan amsa ta fi ta wakilin shiga raina, domin mai ita bai wanke kansa ba. Sarki ya yi shiru, sannan ya tuna wa jama'a cewa babban filin wasan garin nan sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, gwanin Asante Kotoko da Black Stars wanda haɗarin mota a Kpeve ya nakasa a 1963 yana kan ganiyarsa, bai sake buga ƙwallo ba har ya rasu a 1969. Ya ce wanda ya girma a Kumasi bai kamata a koya masa cewa ƙafa aro ce ba.

Sai ya dube ni. Ya ce, "Malam, yaron naka wane gurbi yake bugawa a fili?"

Ban sani ba. Shekara shida yana fita kullum da yamma, filin bai fi tafiyar minti goma daga gidana ba, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Na san kuɗin makarantarsa har kwabon ƙarshe, na san izun da ya kai, amma abin da ya fi so a duniya ban san komai a kansa ba. Koci ne ya amsa a hankali, don ya rufa mini asiri, ya ce ɗan tsakiya ne, kuma da hagu yake bugu. Mahaifinsa ma bahago ne. A nan idona ya cika.

Hukuncin Sarki bai yi tsawo ba. Yaro zai tafi idan makarantar ta sa hannu a kan abu uku: karatunsa ba zai yanke ba ko ya ji rauni ko an cire shi daga tawaga, rajistarsa za ta nuna shekarunsa na gaskiya da ƙungiyar da ta rene shi, kuma duk wata magana ta gaba da waliyyinsa za a yi. Ni na rubuta takardar a daren. Bayan kwana tara wakilin ya aiko cewa sun yarda da biyu, ban da na farko. Muka ce a bar maganar. Na mayar da wayar da takalman.

Kada mai karatu ya zaci abin ya ƙare da daɗi. Yaron ya yi wata biyu ba ya haɗa ido da ni. Rana ɗaya ya ce, "Baba, kun rufe mini ƙofa." Uwar ma ta daɗe gaisuwarta a taƙaice take. Ya zana jarrabawar ƙaramar sakandare, ya samu gurbi a babbar sakandaren gwamnati, wadda karatunta ya zama kyauta tun 2017, yana buga wa makarantarsa wasa. Ko wata ƙofar za ta buɗe, Allah ne masani. Wani dare nakan tambayi kaina ko tsoro ne ya sa na tauye shi. Amma duk lokacin da na tuna cewa sharaɗin raunin kaɗai suka ƙi, sai zuciyata ta ɗan kwanta.

Mu da muka yi karatun allo mun san yadda ake miƙa yaro. Uba ne yake kama hannunsa ya kai shi gaban malam, bayan ya bincika halin malamin. Idan za a sauya masa makaranta, sai an nemi iznin na farko an yi masa godiya. Malamin kirki ba ya leƙen katanga yana yi wa almajirin wani kiran asiri. Yau wani babban rabo na wannan matsayi ya koma hannun masu usur, ko mun so ko mun ƙi, amma ba mu binciken su kamar yadda iyayenmu suka binciki malamanmu. A cikinsu akwai irin namu, akwai kuma masu rage wa yara shekaru da masu sayar da kati a ɓoye. Makarantun kuɗin ma haka, akwai masu riƙon amana da suka fitar da yaran Zango zuwa jami'o'in duniya, akwai masu neman kofi kawai.

Don haka roƙona ga iyaye da masu riƙon marayu, daga Sabon Zango har Aboabo, daga Nima har Tamale: ku je filin ku ga wanda ɗanku yake jin maganarsa. Ku san inda katinsa yake. Duk mai tayi ya shigo ta ƙofar gida, a zauna da dattawa, a rubuta, kuma a fara da tambayar ranar da ƙafa za ta ƙi.

Ni dai yanzu duk Asabar ɗin hutu ina bakin fili da 'yar kujerata, kusa da mai koko. Ban gama gane dokar satar gida ba, Koci yana ta haƙuri da ni. Makon jiya yaron ya ba da ƙwallon da aka ci, ya waiwayo yana neman inda nake.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana. Amin.