Lambun Ƙofar Gamji

Baƙon da ya zo Kaduna yakan ga kasuwa da manyan ofisoshi da cunkoson motoci, ya koma gida ya ce ya ga gari. Amma a bakin kogi ta gefen arewa, kusa da unguwar Kabala, akwai wani lambu mai itatuwa da inuwa mai sanyi. Mutanen gari suna kiransa Ƙofar Gamji, Gamji kuwa kirarin Sardauna Ahmadu Bello ne. Daga baya aka sa wa lambun sunan Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967.

A ciki akwai wata ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, a zamanin Gwamna Lugga. Hedkwatar Arewa ta komo Kaduna a 1917, amma gadar ta zauna can har 1954, sa'an nan aka kwance ta aka kawo ta nan. A 1956 gwamnati ta lasafta ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Yaron da ya taka ta da ƙafarsa ba zai yi saurin manta darasin ba.

Daga lambun ana ganin kogin da ya raba garin biyu. Bayan tashin hankalin 2000 da na 2002, iyalai da yawa suka yi ƙaura. Kirista suka fi taruwa a kudu, wajen Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi kuwa a arewa. Yara da yawa sun tashi ba su san ƙetaren ba sai a bakin mutane, abin da mutum bai sani ba kuwa shi yake tsoro. A lambu, tabarmar wannan iyali tana kusa da ta wancan, yara kuma ba su tambayar unguwar juna kafin su fara wasa.

Saboda haka, ya ku iyaye, ku keɓe wata Asabar ku kai yaranku. Ku riƙe tabarma da ruwan sha da ɗan abinci. Ku lura kada su matsa bakin ruwa, musamman da damina sa'ad da kogi ya cika. Ku gai da waɗanda kuka tarar, ku kwashe shararku kafin ku tashi. Zumunta dai a ƙafa take.