Ƙafafu Sun Riga Jiki: Yadda Ake Lissafin Girman Dukushi

Ranar da goɗiya ta haihu, nauyin ɗanta bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na abin da zai kai idan ya cika doki ba, amma tsayinsa ya riga ya kai wajen kashi 60. Ƙafafu suna gaba, jiki yana biye. Tambayar mai kiwon dawakan sukuwa ita ce: da wane sauri ya kamata jikin ya cim musu?

Samuel Brody na Jami'ar Missouri ya shimfiɗa tushen amsar a littafinsa na 1945 kan girman dabbobi: dabba tana ƙaruwa ne gwargwadon abin da ya rage mata ta cika, don haka saurin yana raguwa yayin da take kusantar iyakarta. Irin wannan tsari majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta bi a littafinta na 2007 kan abincin dawaki. A lissafinta, dukushi yana cike kusan kashi 7 cikin 100 na giɓin da ya rage masa a kowane wata. Wanda zai tsaya a kilo 500 zai kai 216 a wata shida, 321 a shekara ɗaya, 429 a shekara biyu.

A takarda layin sumul yake, sai dai babu dukushin da ke bin sa sau da ƙafa. Yaye yana dakushe girma, hunturun Kentucky yana ƙara dakushe shi, sannan sabuwar ciyawa ta fito ya rama da gaggawa. Wannan ramuwar ce abin tsoro, domin nauyi yana hawa kan gaɓoɓin da guringuntsinsu bai gama zama ƙashi ba, kuma likitocin dabbobi sun daɗe suna danganta saurin girma da cututtukan gaɓoɓi. Ga kuma kasuwa tana ingizawa: a gwanjon Keeneland na watan Satumba, ɗan shekara ɗaya mai cikar jiki ya fi jan idon masu saye, abin da ke jarabtar mai gona ya ƙara hatsi.

Raunin lissafin a bayyane yake: yana buƙatar nauyin ƙarshe, wanda sai dai a ƙiyasta daga iyaye. Duk da haka ya fi kallon ido. Gonar da ke ɗora dukushi a sikeli duk wata takan ga ya haura layin tun da wuri, ta daidaita hatsi kafin gwiwa ta kumbura.