Fanka da Muryar Tsohuwa

Mu da aka raina da allo da tawada, aka ƙarasa mana tarbiyya da takarda da biro, ba mu taɓa zaton wata rana za mu zauna muna auna zafin jikin na'ura kamar uwa mai jinyar jariri ba. Amma haka ta faru gare mu a damunar 2023, kuma wata tsohuwa ce sanadi.

Tun a 2012, lokacin da muke tattara bayanan digirinmu na uku, muka naɗi tatsuniyoyi daga bakinta a unguwar Hausawa ta wannan gari. Muryarta ƙasa-ƙasa take, haƙora sun zube, ga kukan awaki a bayan fage. Allah ya yi mata rasuwa shekaru kaɗan bayan haka, saboda haka babu inda za a koma a ce, “Iya, me kika ce a nan?” Abin da ke cikin kwamfutarmu ta tafi-da-gidanka shi ke nan abin da ya rage. Mukan zauna da ɗalibai biyu mu kasa kunne tare, domin abin da kunne ɗaya ya rasa wani ya tsinta, muna mayar da maganar a rubuce.

To, sai fankar kwamfutar ta zame mana kishiya. Da an yi rabin sa'a ana aiki sai ta fara huci, ta danne muryar tsohuwa, har mu kasa bambance Gizo da Ƙoƙi. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya kawo mana wata manhaja mai suna NoteBook FanControl, wadda kan ba mutum damar ƙayyade gudun fanka da hannunsa. Muka rage gudun har ƙasa, ɗaki ya yi tsit, muka ji kalmomin da muka shekara muna nema. Daɗin bai kai la'asar ba. Na'urar ta fara jan ƙafa, madannai suka yi zafi, can sai allon ya yi baƙi ƙirin. Aikin sa'o'i uku da ba mu adana ba ya tafi, gabanmu kuma ya faɗi, don a lokacin ba mu da kwafin muryar a ko'ina.

Wani matashi mai gyara, ɗan unguwar tsohuwar, shi ya kwance ta a gabanmu, ya kuma yi mana karatun da ba mu samu a jami'a ba. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, ashe, duk wutar da ta ci zafi take komawa. Akwai wani siririn bututun tagulla da ke kwance a kanta, da ɗan ruwa a rufe a cikinsa. Ruwan kan zama tururi ya kwashi zafin zuwa wasu faifayen ƙarfe sirara da ke bakin taga, fanka ta hura iska ta tsakaninsu, tururin ya huce ya koma ruwa, ya sake dawowa. Yawancin irin waɗannan ƙwaƙwale iyakarsu wajen digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyos. Idan suka doshi wannan iyaka sai su rage saurin aiki da kansu, wato jan ƙafar da muka gani, idan abin ya ƙi kuma na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Abin da muka ɗauka mutuwa ce, ashe suma ce ta ceton rai.

Sai ya sa ɗan tsinke ya zaro wani curin ƙura daga tsakanin faifayen, ya yi kauri kamar audugar da aka shiɓa. “Ranka ya daɗe, Malam,” in ji shi, “wannan hunturu nawa ke nan?” Muka ƙirga, shida. Mun saba ɗauka ƙurar hunturu matsalar Arewa ce, alhali kuwa iskar da ke tasowa daga Hamada, tana kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har bakin teku take kaiwa, a nan kuma ta tarar da laima ta dunƙule. Man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da tagulla shi ma ya bushe ya zama kamar alli. Ba mu gaya masa cewa a kan matashin kai muke ɗora ta da dare ba, ya gane da kansa.

Fankar nan, kenan, ba rashin kunya take yi ba, ƙoƙari take ta tura iska ta ƙofar da aka toshe, mu kuwa muka rufe mata baki. A ganinmu manhajar ba ta da laifi; amfaninta na gaskiya shi ne a sa fanka ta fara juyawa da wuri, tun zafi bai taru ba, mu ne muka juya ta baibai.

Yanzu muryar tana wurare uku. Kwamfutar na zaune a kan tebur, an ɗaga bayanta da ƙamus guda, lasifika kuma mun ja ta da doguwar waya zuwa ɗaya kusurwar ɗakin, can muke taruwa. A tatsuniya ta goma sha huɗu akwai wata kalma da tsohuwar ta faɗa daidai lokacin da akuya ta yi kuka. Ɗaya ɗalibin ya ce “ƙoshiya” ya ji, ɗayan ya ce “ƙosai”. Har yau mun bar gurbin da ɗigo uku.