Kalma ɗaya, fuska uku

 Yau ina so mu duba wata kalmar Ingilishi mai haruffa huɗu: FREE. Ana faɗinta "firi". Wanda ke cin kasuwar Jibiya, ko Illela, ko Maigatari, zai riƙa ganinta a jikin kwali da gwangwani da allo, don Ingilishi ne harshen gwamnati a Najeriya. Ni malamin yaƙi da jahilci ne, kuma ina koya wa ɗalibaina ita domin tana taɓa aljihu, tana taɓa lafiya.

Ma'anarta ta farko ita ce kyauta, wato ba a biyan ko dala. A 1976 Najeriya ta mai da karatun firamare kyauta, kuma da wannan kalma aka yi shelarsa. In ka ga an rubuta ta a kan gidan sauro ko magani, kuma wani ya ce ka biya, nuna masa rubutun, ka tambayi dalili.

Ta biyu ita ce ƴanci. Lokacin da aka saki Nelson Mandela a Afirka ta Kudu a 1990, bayan shekara 27 a kurkuku, da ita aka ce ya zama ɗa mai ƴanci.

Ta uku ita ce babu. A nan kalmar takan zo a bayan sunan abu. SUGAR sukari ne. To, SUGAR FREE ba kyautar sukari ba ce, ana nufin babu sukari a ciki. Mai ciwon sukari ya kamata ya san wannan kafin ya sayi abin sha.

Faransanci ya raba ukun, kowace da kalmarta: "gratuit", "libre" da "sans". Ingilishi kuwa ya haɗa su wuri ɗaya. Saboda haka kada ka karanta ta ita kaɗai. Dubi kalmar da ke gabanta da wadda ke bayanta.

Ka yi hattara da ɗan kasuwa kuma. Wani lokaci sai ka sayi sabulu biyu sannan a ba ka na uku "firi". Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lissafa kuɗin ukun, ka gwada da na wani shago.

Ɗan'uwa, ɗauki alli ka rubuta haruffan nan huɗu a allonka yau. Gobe ka koya wa maƙwabcinka.